Dila ya kwashe min kati, sufabaiza ya goya masa baya: ƙorafi a ɗakin poka yana da amfani kuwa?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo daga Amurka a taƙaice ita ce, yana buga poka a wani ɗakin karta, wani ya zuba dala 25, shi kuma ya jefa ƙwandala guda ta dala 100 da niyyar ƙari amma bai buɗe baki ba, dila, mai rabon kati kenan, yace ai bi kawai yayi, wato ya zuba daidai da 25 ɗin, ya miƙo masa canjin 75. Can cikin dare kuma dilan ya haɗa da katinsa ya kwashe alhali bai fita daga wasan ba, aka kira sufabaiza yazo yace katin ya mutu. Ga sanyin esi yayi yawa, kujeru sun lotse, kamashon gida kuma ba sauƙi. Yace bayan hukuncin ya zauna har asuba yana neman mayar da abin da ya tafi. Shine yake tambaya wai cutarsa akai, kuma in ya rubuta ƙorafi akwai mai saurarensa?

Toh ɗan'uwa, na yi aikin rabon kati a irin waɗannan ɗakuna, daga baya kuma na zama cikin waɗanda ake kira su yanke hukunci idan rigima ta tashi a teburi, don haka zan faɗa maka gaskiya ko da ba zata yi daɗi ba. Hukuncin nan guda biyu duka bisa ƙa'ida suke. Na farko babu laifin kowa sai shirun da kayi, na biyu akwai sakacin dila a ciki amma ƙa'ida a kanka ta ɗora asarar. Ƙorafi kuma yana aiki wallahi, na ga ya canza abubuwa da idona, matsalar dai yawancin 'yan wasa wanda bai dace ba suke kai wa, kuma sai bayan lokacinsa ya wuce.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe, dila baya yanke hukunci. Aikinsa ya raba kati, ya bi lissafin zubi, ya faɗi abin da ke gudana, ya cire kason gida. Da zarar an samu saɓani aikinsa ya tsaya cak ya kira sufabaiza, wanda a teburi zaka ji ana ƙwala masa kira da fulo. Shi kuma sufabaizan ba da ka yake yi ba, a gasa yawanci dokokin TDA ake bi, ƙungiyar daraktocin gasa da Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001 saboda a lokacin kowane gida da tasa dokar, ka buga a nan gobe ka je can a ce maka ba haka ake ba. A wasan tsabar kuɗi kuma kowane ɗaki yana da littafinsa, da yawansu daga dokokin da Bob Ciaffone ya tattara suka kwaso. Doka ta ɗaya a TDA cewa take adalci da maslahar wasa su ne gaba da komai, wani lokaci ma sufabaiza zai iya barin harafin doka ya bi adalci, kuma abin da ya yanke shikenan an gama. Wannan dokar ita ce ke ceton mutane kuma ita ce tushen rabin rigimar da ake yi, domin ta bar wa mutum ɗaya fili mai faɗi, in mai hankali ne kowa ya ji daɗi, in kuma mai girman kai ne kowa ya sha wuya.

Maganar ƙwandala guda, wannan kam kusan duk inda ka je haka zaka tarar. Idan akwai zubi a gabanka ka jefa ƙwandala ɗaya mai girma baka ce komai ba, bi kayi. Dalilinsa kuwa ba don a ƙuntata maka bane, ka ɗauka babu wannan dokar, sai mai wayo ya jefa ɗari yayi shiru yana kallon fuskar abokin karawarsa, in yaga ya razana yace ƙari nayi, in yaga ya gyara zama yana murmushi yace a'a ni bi nayi a bani canji na. Haka ma dokar da ta hana ka tura kuɗi sannan ka koma ka sake ɗebo wasu ka ƙara ba tare da ka faɗa tun farko ba, duk ƙofa ɗaya ake toshewa. Maganinsa bakinka. Ka furta ƙari da adadinsa kafin ƙwandalar ta taɓa teburi, abin da ka furta a lokacin da layi yazo kanka shi ke ɗaure ka kuma shi ke kare ka. Na lura mutanenmu da yawa kunya ke sa su shiru a teburi, ko don harshe ko don kada a ga baƙi ne, toh wannan shirun tsada gare shi.

Na biyun shi yafi ciwo kuma na fahimci ɓacin ranka. Ƙa'ida tace kare kati nauyin mai kati ne a kowane lokaci. In dila ya kwashe bisa kuskure ya cusa cikin tarin katin da aka zubar, kuma ba'a iya gane naka ɗari bisa ɗari ba, ya mutu, kuɗin da ka riga ka bi da su sun tafi, abin da za'a dawo maka dashi kawai shine ƙarin da kayi wanda ba'a riga an bi ba. Shi yasa zaka ga tsofaffin 'yan wasa kullum da ƙwandala ko wani ɗan ƙarfe a kan katinsu, musamman masu zama a kujerun da ke manne da dila hagu da dama, don nan hannunsa yake wucewa duk lokacin da zai share teburi. Kuma kada ka ɗauka don kai baƙo ne akai maka haka. A babbar gasar duniya ta WSOP ta 2009 a Las Vegas, Estelle Denis 'yar jaridar talabijin daga Faransa ta tura duk abin da ke gabanta bayan J.C. Tran ya ƙara zuwa 32,000, dila ya miƙa hannu ya kwashe katinta ana ɗauka a kyamara, tace as biyu take riƙe dasu, wato mafi ƙarfin abin da mutum zai fara dashi. Aka duba ba'a iya fito dasu da tabbaci ba, aka mayar mata da ƙarinta amma 32,000 ɗin suka tafi. Me yasa ba za'a yarda da maganarta kawai ba? Saboda ranar da aka fara tono kati daga juji bisa abin da mutum ya faɗa da baki, gobe kowa as biyu ne dashi.

Amma fa ba ina cewa duk hukuncin da aka yanke daidai bane. A 2012 a wannan gasar dai, Gaëlle Baumann ta ƙara zuwa 60,000 da sarki biyu a hannu, Andras Koroknai ɗan Hungari yace ya tura duka, sannan ya wurgar da katinsa da hannunsa don ya zaci kowa ya fita, bai lura tana ciki ba. Aka yanke cewa 60,000 kawai zai biya, sauran kuɗinsa su dawo masa. A takarda kamar hukuncin Denis ne, amma ni har yau bai kwanta min ba, don ita kuskuren dila ne ya faɗa mata, shi kuwa nasa ne, kuma in aka bar wannan a buɗe mai mugun nufi zai iya cewa na tura duka, in yaga alamar za'a bi shi ya jefar da kati ya tsira da asara kaɗan. Ban ce shi yayi da gangan ba, ban yarda ma da gangan yayi ba, ƙofar da aka bari nake ji. Abin da ya ƙara wa mutane haushi kuma shi ɗin dai shi ya fitar da ita a matsayi na 10, taki ɗaya kafin teburin ƙarshe.

Akwai kuma na 2019, saura mutum 11 a gasar. Nick Marchington ya tura duka, Dario Sammartino ya nemi a ƙirga, dila yace wajen miliyan 17, Sammartino ya bi, ashe wajen miliyan 22 ne. Doka tace in ka bi ka karɓi adadin gaskiya ko da dila ya baka lissafin da ba daidai ba, don kai ma idonka na kan kuɗin, haka kuma aka yanke. Hukuncin ana iya kare shi. Abin da ya tada ƙura shine maganar da shugaban gasar Jack Effel ya bi shi da ita, mai ma'anar wai wanda zai bi 17 ai zai bi 22. Wannan ba hurumin mai hukunci bane, kai dai ka faɗi doka ka faɗi dalili ka ba mutum haƙuri ka wuce, ba ka koya masa wasa a gaban jama'a yana tsaka da zafin asara ba. A abin da na gani, ƙorafin da yafi yawa ba akan hukuncin kansa yake ba, akan yadda aka faɗe shi ne. Mutum zai haɗiye hukunci mai ɗaci in an saurare shi har ya gama, amma in aka katse shi ko aka ɗaga masa hannu toh ya tafi da abin a ransa kenan.

Yanzu abin da zaka yi nan gaba, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa. Lokacin ƙorafi akan hannu, wato zagaye ɗaya na rabon kati, ɗan ƙanƙani ne, da zarar dila ya fara cakuɗa kati na gaba ko ya danna injin cakuɗawa, damar jayayya akan wa ya ci ta kusa rufewa gaba ɗaya, kuɗin sun shige cikin na wani ba mai iya ware su. Don haka kana ganin abu ba daidai ba kace a tsaya a kira fulo, da murya a kwance amma kowa yaji, wannan haƙƙinka ne ba rashin kunya bane kuma dila nagari shi da kansa zai kira. Kada ka saki katinka sai an turo maka kuɗin. In an zo nuna kati ka shimfiɗa su duka a buɗe akan teburi, don katin da aka buɗe sarai shi ke faɗin kansa ko kai baka gane ka ci ba, kuma dila ba shi da ikon kashe shi. Sufabaiza in yazo dila zai fara tambaya, ka bari ya gama, sannan ka faɗi naka bi da bi, wa ya zuba nawa, me ka ce, yaushe hannunsa ya taɓa katin, banda zagi banda tarihin abin da akai maka makon jiya. In baka gamsu ba ka nemi manajan shif, in maganar lissafi ce ko wa ya fara motsi ka roƙi a duba kyamara, ɗakunan nan ko'ina ido ne a sama, sai dai ka sani a wurare da yawa hoto take ɗauka banda murya, kaga dalilin da yasa nace ka furta da ƙarfi mutanen teburi su zama shaidunka. Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye, a yawancin ɗakunan Amurka Turanci kawai aka yarda a yi ana tsakiyar hannu, in kai da abokinka kuka ɓarke da Hausa ko gaisuwa ce za'a tsawatar, ba ƙiyayya bace, tsoron haɗin baki ne, kuma duk wani yare haka ake masa.

Dan Allah kuma kada ka huce akan dila. Mutumin nan duk minti 30 ake tura shi wani teburi, yana raba hannu wajen 30 a awa, yana lissafin kuɗin tsakiya da na gefe in mutum uku sun tura duka da adadi daban daban, yana cire kamasho, yana sauraron mai maye a kujera ta huɗu, albashinsa kuma yawanci mafi ƙanƙanta ne, a Nevada dala 12 a awa tun Yulin 2024, sauran rayuwarsa akan ɗan ihsanin da masu cin hannu ke jefa masa take. Bashi da wata riba in kai ka faɗi wancan ya ci. Zaginsa akan tsarin ɗaki kamar ka kama kwandasta da faɗa ne akan kuɗin motar da 'yan yuniyon suka yanka. Kurakuran dila in ka bi sawunsu yawanci sama suke komawa, an ɗauki sabbi ba'a horar dasu sosai ba, ko ma'aikata sun yi kaɗan an hana su hutu, ko ana matsa musu su yi sauri don kamasho ya ƙaru. Lokacin manyan gasa ma haka ne, ana buƙatar diloli da yawa a 'yan makonni, dole a samu waɗanda hannunsu bai faɗa ba. Saboda haka ni a wurina ƙorafin hukunci da ƙorafin yanayin ɗaki abu ɗaya ne, kuma teburin manaja ya kamata su je.

Shin ana ji? Ana ji, in mutane da yawa suka faɗi abu ɗaya takamaimai. A ranar farko ta WSOP ta 2007 an kawo wani sabon samfurin kati da aka canza masa zane, 'yan wasa suka ce basa iya bambance 6 da 9, hayaniya ta tashi, ba'a daɗe ba aka janye su aka dawo da irin na da. A 2006 manyan 'yan wasa sun matsa cewa ana buƙatar gasa mai tsada da zata gwada gwaninta a wasanni kala kala, aka kawo ta dala 50,000 wadda Chip Reese ya ci. Hayaƙin taba da a da yake turnuƙe ɗakunan poka, 'yan wasa irin su Tom McEvoy zakaran 1983 ne suka yi ta fama har aka wayi gari ba'a shan taba a teburi. Haka ma bayan teburin ƙarshe na WSOP ta 2024 inda aka ga abokan Jonathan Tamayo, wanda ya ci gasar, da laftof a gefen fili yana zuwa wurinsu tsakanin hannu da hannu, surutun da akai ne yasa aka tsaurara dokar na'urori. Sanyi kuwa tsohon kuka ne, shekarun da gasar tayi a otal ɗin Rio daga 2005 zuwa 2021 kowa ya san da rigar sanyi ake shiga alhali waje zafin hamada ne, wannan sau da yawa ba a hannun manajan poka yake ba, injin ginin gaba ɗaya ne, amma zai iya matsar da teburi daga ƙarƙashin bututun iska in an nuna masa wanne.

Kamasho shine inda nafi so ka buɗe ido, don yafi kujera lotsattsiya cin mutum. A ƙananan wasanni a Las Vegas abin da aka saba shine kashi 10 cikin ɗari har zuwa wani iyaka, wajen dala 5 ko sama da haka kaɗan, sannan a ƙara cire dala ɗaya ko biyu na garaɓasa. A Kalifoniya kuɗi tsayayye ake cira ba kaso ba, a manyan wasanni kuma kuɗin kujera ake biya duk rabin awa. Yi lissafi da kanka a matsayin misali, in hannu 20 cikin 30 suka kai iyaka ana cire 5 da 2, dala 140 kenan ke barin teburi duk awa, teburin da wataƙila duk kuɗin da ke kansa bai kai 2,000 ba. Tambayoyin da zaka yi sune, nawa ne iyakar, ana cira ko ba'a buɗe katin tsakiya ba, ana ragewa in mutane sun ragu zuwa biyar ko huɗu, kuma kuɗin garaɓasar nan nawa ne ke dawowa ga 'yan wasa. Ragin kamasho in teburi ya ragu sau da yawa sai an roƙa ake yi, ba mai zuwa ya baka.

In zaka rubuta, ka sa rana da lokaci da lambar teburi da kujerarka, abin da ya faru a layi huɗu ko biyar, da abin da kake so a yi. Kujera ta bakwai a teburi na uku ta karye, wannan gobe za'a iya gyarawa. Ɗakinku ya lalace dilolinku basu iya aiki ba, wannan ba mai iya yin komai dashi. Ka tambayi wace doka aka bi, ka nemi a nuna maka a rubuce, in ka tarar jiya an yanke wa wani saɓanin naka akan abu iri ɗaya toh ka kama babban kifi, domin rashin daidaito tsakanin shif da shif shine abin da manaja mai kishin aikinsa baya iya kawar da kai a kansa. Ka fara kai musu kafin ka watsa a Facebook ko X, kuma kada ka sa sunan dila ko hotonsa a intanet, aikinsa zaka iya kashewa akan kuskuren sakan ɗaya. In wani dilan ya kyauta ka faɗa shima, ana karantawa, kuma yana sa a ɗauki kukanka da nauyi ranar da ka kawo shi.

Ka ce bayan hukuncin ka zauna har asuba kana neman mayar da abin da ya tafi, wannan yafi katin da aka kwashe damuna. Asarar da hukunci ke jawowa ƙarama ce akan wadda fushi ke jawowa bayansa, na sha ganin mutum an cuce shi hamsin ya tashi ya zubar da dubu. Ranar da aka ɓata maka rai ka tattara ka tafi gida. Kuma ba zan ɓoye maka ba tunda ɗan'uwa na kira ka, hukuncin caca a Musulunci a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, har da ambaton gaba da ƙiyayya da take haddasawa, abin da duk wanda yayi aiki a ɗakin karta ya gani da idonsa. In ka ji abin ya fara fin ƙarfinka, jihohi da yawa da gidajen kansu suna da tsarin da zaka sa sunanka a hana ka shiga, ka yi amfani dashi.

Sai maganar hukuma in cikin gida ya gagara. A Nevada akwai hukumar kula da caca ta jiha, in rigimar biyan kuɗi ta kai dala 500 ko fiye dole gidan ya sanar da ita nan take, in bata kai ba dole su gaya maka kana da damar neman ta bincika, jami'inta zai duba ya yanke, kuma ana iya ɗaukaka ƙara. A Ingila gidan zaka fara kai wa, in sati 8 suka wuce ba'a warware ba sai ka tafi wurin masu sasanci masu zaman kansu irin su IBAS. Sauran jihohin Amurka kowacce da tata hukumar, gidajen da ke ƙasar ƙabilun asali kuma hukumar ƙabilar ce ke fara dubawa, don haka ka duba wa ya ba ɗakin naku lasisi. Sai dai kada ka sa rai da yawa akan irin naka, hukuma tafi shiga maganar an hana ka kuɗin da ka ci, ko an cire kamashon da ya wuce wanda aka rubuta a bango, ko zargin maguɗi da haɗin baki. In ɗaki ya bi dokarsa da ke rubuce akan ƙwandala guda da katin da ba'a kare ba, da wuya su taɓa hukuncin, naka wurin manajan ɗakin zai ƙare, kuma abin da zaka nema a wurinsa shine a ja hankalin dilan akan yadda yake share gefen teburi.